Kada Ya Wuce Biyu

Asabar, 28 ga Satumba, bayan la'asar

Mun dawo da Baba daga asibitin Gadarif. Na ƙudurta in riƙa taskace abin da ke gudana a rubuce, domin a wannan ƙauye namu na kudu da Ƙala'at an-Nahal ni kaɗai nake da shahadar jami'a, kuma wajibi ne a samu mutum ɗaya da zai dubi lamarin da idon ilimi.

Ciwon yana da suna, ba fuka ba ce kamar yadda kowa ke faɗi. Sunansa al-insidad ar-ri'awi al-muzmin, wato toshewar hanyoyin iskar huhu wadda ba ta warkewa. Musabbabinsa a fili yake. Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan tarakta a gonakin Alhaji Mudi, yana shaƙar hayaƙin dizal da ƙurar casar dawa da tokar ƙunar ciyawa, yana kuma ɗora taba a kai, natijarsa ke nan.

An haɗo mu da na'ura mai tace iska ta fitar da oksijin. Girmanta bai wuce jarkar ruwa ba. Siririn tiyo ne ke kai iskar hancin Baba. A gabanta akwai ɗan gilashi mai lambobi daga ɗaya zuwa biyar, da ƙaramin ƙwallo da ke shawagi a ciki, da mamurɗi a ƙasa. Alhaji Mudi ya ara mana janareta.

Dakta Batulu, wadda ta duba shi, ta tsare ni a bakin ƙofa. “Ya bashmuhandis, babban injiniya, saurare ni da kyau. Ƙwallon nan kada ya wuce biyu. Masu irin ciwon babanka ba shigar iska kaɗai ke ba su wuya ba, har da fitar da gurɓatacciyar. In aka cika masa oksijin, mugunyar iskar za ta taru masa a jini. In ka ga ciwon kai da safe, ko yawan barci, ko hannu yana fizga, wannan ba sauƙi ba ne. Ka kira ni.”

Har sau biyu ta maimaita, kamar mai yi wa ɗan ƙodago bayani. Ni da na yi kundin kammala karatuna a kan shigar iska cikin injin dizal. Na yi mata uzuri.

Ta kuma koya wa Baba dabara: ya shaƙa ta hanci, ya tsuke baki ya fitar a hankali kamar mai hura shayi mai zafi. Tun daga mota yake yi. Fiii. Fiii. Sauti ne marar daɗi.

Litinin, 30 ga Satumba, da hantsi

Na kafa dokoki. An mai da murhu can bayan gida. An hana taba a tsakar gida. An hana turaren wuta a ɗakin Baba.

Inna Jummare, mahaifiyata, ta tsaya da kaskon turaren bahur a hannu. “Majinyaci ba turare, Salisu? Mutane su shigo su ji warin ciwo? Me za a ce da ni?”

Na yi mata bayanin alaƙar wuta da oksijin, da illar hayaƙi ga huhu. Ba ta gamsu ba, sai da Baba ya yi tari har idonsa ya kawo ruwa, sannan ta fita da kaskon. Yau ƙirjinsa ya fi sakewa, kowa ya shaida. Da yamma na ji tana gaya wa maƙwabciya, “Karatun nan dai bai faɗi ƙasa ba.”

Al'amura na tafiya bisa tsari.

Laraba, 2 ga Oktoba, bayan azahar

Masu dubiya ba sa yankewa. Kowa ya shigo ya dafa kafaɗar Baba ya ce, “Kaffara, Ɗantsoho,” gaisuwar majinyaci ke nan, ya zauna a gefen angarebu, gadonsa na igiya, a kawo jabana, wato gahawa. Baffa Iliya, abokin Baba tun suna yaran tarakta, shi kam nan yake yini.

“Kai tsohon diski, tsohuwar garmar tarakta,” in ji shi, “an ɗaure ka da igiya a hanci kamar raƙumin da ke juya turmin matsar man riɗi.”

Baba ya hura, ya hura, sannan ya samu iskar amsawa. “Gara ni... an ɗaure. Kai ko kyauta... ba mai ɗauka.”

Jimla ɗaya sai ya raba ta gida uku. Mutumin da a da muryarsa ke danne ƙarar inji.

Alhamis, 3 ga Oktoba, da asuba

Ruwa. An ɗauka damina ta yi sallama, ashe ta bar saƙo.

Juma'a, 4 ga Oktoba, da magariba

Ruwan bai tsaya ba sai ɗazu. Kwarin da ke tsakaninmu da babbar hanya ya cika ya batse, baƙar ƙasar nan ta zama kunu. Motar da ta gwada wucewa tana can ta nutse har gatari. Masu riɗi suna tsaye a bakin gonaki sun zuba ido, ba halin yanka. Wayar hannu ba ta kamawa sai an hau dutsen da ke gabas da ƙauye.

Majinar Baba ta canza launi. Ina ba shi magungunan shaƙa a kan ƙa'ida. Babu dalilin firgita.

Lahadi, 6 ga Oktoba, bayan la'asar

Zan rubuta wannan a taƙaice.

Baba ya tashi zai kama ruwa, taku kaɗan ne, sai iskar ta ƙi. Ya dafa bayan kujera da hannu biyu, kafaɗunsa na hawa da sauka, jijiyoyin wuyansa sun tashi kamar igiyoyi. Laɓɓansa suka koma launin toka. Ya manta da hura shayin. Baki buɗe yake kamun iska, ba ta kamuwa. Inna tana salati tana yi masa fifita da faifai.

Duba na ya yi. Ban taɓa ganin mahaifina ya dubi wani mahaluƙi haka ba, ballantana ɗan da ya haifa.

Yanzu ya lafa. Ya sha shayi. Ya ce, “Allah ya yi maka albarka.”

Ƙwallon yana kan uku. Ban ga fa'idar tattauna yadda aka yi ya kai can ba.

Litinin, 7 ga Oktoba, da hantsi

Na sake nazarin mas'alar ta fuskar mantiƙi. Ƙa'idojin da likitoci ke bayarwa na gama-gari ne, an tsara su ne domin gidajen da babu mai lura. Tazarar da ke tsakanin biyu da uku ba ta kai a kira ta saɓa umarni ba. Gyara ne irin wanda duk ƙwararre ke yi gwargwadon hali.

Ya kwana lafiya. Wannan ita ce hujja.

Talata, 8 ga Oktoba, bayan azahar

Ɗakin ya cika da tsofaffin direbobi, tunda ba aiki a gona. Baffa Iliya ya tambayi amfanin ɗan ƙwallon, sai na ga dama ce ta wayar da kai. Na ce su ɗauki huhu a matsayin inji. Injin da matatar iskarsa ta toshe da ƙura, yaya yake yi?

“Shaƙewa,” in ji su baki ɗaya. “Ya yi ta baƙin hayaƙi, ba ƙarfi.”

“To me ake yi masa?”

“A buɗe masa iska!”

Na nuna musu mamurɗin, na nuna yadda ƙwallon ke hawa. Baffa Iliya ya tafa hannu. “Wallahi yau na gane likitanci. Ashe kanikanci ne aka sa wa farar riga. Ɗantsoho, ka haifi ɗa.”

Baba ya yi murmushi. Ya ce kansa na ɗan sarawa tun safe. Na ba shi maganin ciwon kai. Kukan janareta ne, babu shakka.

Al'amura na tafiya bisa tsari.

Alhamis, 10 ga Oktoba, da yamma

Wata sabuwar al'ada ta tsiro a ɗakin nan. Mai dubiya ya shigo, ya dafa kafaɗa, ya ce kaffara, sannan ya miƙa hannu ya ɗan taɓa mamurɗin, kaɗan, kamar mai ƙara wa baƙo sukari a shayi. Ba wanda ke son a ce ya zo ya ga Ɗantsoho yana haki ya tafi bai yi masa komai ba. Wani dattijo har da bismillah yake murɗawa.

Na dawo daga duba janareta na iske ƙwallon ya haura huɗu. Na yi niyyar sauke shi. Ɗakin cike yake da mutanen da shekaranjiya na koyar. Na bari sai sun watse.

Da suka watse kuma yana barci, barci mai daɗi irin wanda rabonsa da shi tun bara. Wane ɗa ne zai taɓa?

Juma'a, 11 ga Oktoba, bayan sallar Juma'a

Liman ya yi wa Baba addu'a, ya kuma ambace ni da alheri a gaban jama'a.

Da na dawo na iske Baba zaune zai yi addu'a. Ya ɗaga tafukansa, sai suka riƙa faɗuwa suna tashi da kansu, kamar tsuntsun da aka riƙe wa ƙafa. Ya dube su da mamaki. Hannun da zafi, fuskarsa ta yi jajur. Inna ta ce jini ne ke dawo masa.

Rauni ne na rashin cin abinci. Akwai bayanai da dama masu yiwuwa, kuma ba ɗabi'ar mai ilimi ba ce ya rungumi mafi muni.

Ban hau dutsen ba. Hanyar da santsi.

Asabar, 12 ga Oktoba, da hantsi

Ya daina hura shayin. Gidan tsit, sai janareta. Na sha fatan sautin nan ya tsaya.

Asabar, da la'asar

Azahar ta wuce shi, la'asar ma. Inna ta tashe shi da ƙyar. Ya buɗe ido ya kira ta da sunan mahaifiyarsa, wadda ta rasu kafin a haife ni, ya ce a ɗaura diski a tarakta, ruwan shuka ya sauka. Inna ta yi dariya ta ce mafarki ne. Da ta juya na ga ta goge ido da bakin mayafi.

“Bar shi ya rama bashin barci,” in ji Baffa Iliya. “Shekara nawa mutumin nan bai kwanta a bayansa ba?”

Ƙwallon yana kan biyar. Nan lambobin suka ƙare.

Al'amura na tafiya.

Lahadi, 13 ga Oktoba, bayan asuba

Bai tashi ba. Na kira shi, na girgiza shi, na matse masa farce. Ya yi gurnani kawai. Na tsaya ina kallon ƙirjinsa. Ya ɗaga. Sai shiru. Shiru mai tsawo, har mutum ya fara karanta abin da ake karantawa. Sannan ya sake ɗagawa, kaɗan.

Zan hau dutsen.

Lahadi, da azahar

Na faɗi sau biyu a hawa, takalmina ɗaya ya zauna a cikin laka. Dakta Batulu ta ɗauki wayar. Na fara tsara mata bayani daki-daki, ta katse ni.

“Ƙwallon yana kan nawa?”

Na gaya mata.

Ba ta yi faɗa ba. Da ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta ce, “Kada ka kashe na'urar, in ka yanke masa gaba ɗaya za ka rasa shi. Sauke shi zuwa biyu. Zaunar da shi, ka tokare bayansa. Ba shi maganin shaƙa. Ku yi ta yi masa magana, kada ku bar shi ya nutse. In ya farfaɗo zai ji kamar ana shaƙe shi, zai roƙe ka. Kada ka ƙara. Ka ji ni, Salisu? Kuma duk yadda za ku yi, ku kawo shi. Nan muna da abin da zai tura masa numfashin.”

Ba ta ce bashmuhandis ba.

Na sauke shi. Sannan na ɗauko filaya na zare mamurɗin daga jikin na'urar na jefa a aljihu.

Litinin, 14 ga Oktoba, da hantsi

Mun yini muna yi masa magana ni da Inna. Ta ba shi labarin aurensu, ta lissafa masa sunayen duk waɗanda suka taho tare da su daga garin Fau. Ni na rasa abin faɗi. Na karanta masa sunayen sassan tarakta ɗaya bayan ɗaya.

Yau da gari ya waye ya buɗe ido, ya gane ta.

Sai hakin ya dawo.

Litinin, bayan la'asar

Ya miƙa hannu wajen na'urar yana laluben mamurɗin. Yatsunsa suka samu tsinin ƙarfe kawai. Ya laluba, ya sake laluba. Ya juyo.

“Salisu... ƙara.”

“Baba, ka hura. Ta hanci, sannan ta baki, a hankali.”

“Ƙara mini... don Allah.”

Mahaifina ya haɗa ni da Allah.

Inna ta kama rigata. “Ka ji tsoron Ubangiji. Iska ce fa, ba gadonka ba. Da kake ba shi yana barcinsa lafiya, yanzu me ya yi maka?”

Na ce likita ce ta hana. Ta ce likitar tana Gadarif, shi kuma ga shi nan yana mutuwa a gabanmu. Na zauna a ƙasa tsakaninsa da na'urar, na tsuke bakina ina hurawa don ya bi. Ya kau da kai. Ya daɗe yana kokawa shi kaɗai. Daga baya na ji. Fiii.

Talata, 15 ga Oktoba, da azahar

Masu dubiya sun ragu. Waɗanda suka zo sun ce kaffara, hannunsu ya tafi inda ya saba, ya dawo. Ba wanda ya sha jabana. A bakin rijiya ana cewa ɗan Ɗantsoho ya kulle wa ubansa iska ya sa mabuɗin a aljihu.

Baffa Iliya ya same ni a bayan gida. Babu wasa a fuskarsa, sai na ga ashe tsoho ne ƙwarai.

“Bashmuhandis, gaya mini gaskiya. Barcin nan da ya yi ta yi, mu muka sa masa?”

“Ba ku ba ne, Baffa.”

“Ni sau uku na murɗa. Da hannun nan.”

“Na ce ba ku ba ne.”

Ya tsaya yana jiran sauran maganar. Na ce janareta na bukatar mai.

Ya bi ni da ido, sannan ya ce, “Ruwan kwari ya sauka zuwa gwiwa. Mota ba za ta wuce ba, amma tsohuwar taraktar babanka za ta wuce. Ɗaura janaretan a tirela. Ni zan ja.”

Talata, da magariba

Yau Baba ya zage ni sau biyu, kowane zagi a numfashi ɗaya, bai raba shi ba. Alhamdu lillahi.

Laraba, 16 ga Oktoba, bayan la'asar, Gadarif

Mun taso da sanyin safiya. Angarebu a tsakiyar tirela, Baba a zaune an tokare shi da buhunan dawa, na'ura a tsakanin ƙafafuna, janareta a can baya don hayaƙin ya bi iska. Inna ta riƙe masa laima. A gonaki riɗin da ba a yanka ba ya fara fashewa yana zuba.

A tsakiyar kwari tayoyin suka fara juyawa wuri ɗaya. Ruwa ya fantsamo, janareta ya yi tari ya mutu. Ƙwallon ya faɗi ƙasa. Na ja igiya, na ja, na ja. Ban san me nake faɗi ba. Baba ya damƙi gefen gadon, ya rufe ido, ya tsuke baki. Bai dube ni ba. Shi da kansa ya riƙe numfashinsa, shaƙa da hurawa, har injin ya kama. Da muka fita daga ruwan ya ɗaga yatsa ya nuna bayan Baffa Iliya.

“Giya... ta biyu... jaki.”

Baffa Iliya ya fashe da kuka yana tuƙi.

Alhamis, 17 ga Oktoba, da hantsi

Sun ɗaura masa abin rufe fuska mai tura iska da ƙarfi, ya kwana da shi. An ɗebi jini daga wuyan hannunsa. Dakta Batulu ta ce ya tsallake wannan, amma abin da ya rage na huhun bai kai wanda muka tafi da shi gida ba, kuma ba za ta yi mana alkawarin damina mai zuwa ba.

Da safen nan aka cire abin aka mai da masa siririn tiyo. Ta tsaya a gefen gadon, Inna na zaune, Baffa Iliya na bakin ƙofa.

“Ina so in sani domin gaba,” in ji ta. “Wa ya fara ɗaga ƙwallon daga biyu?”

Ina da kalmomi. Na kwana ina shirya su. Na buɗe baki.

“Ni,” in ji Baba.

Ta juya.

“Direba ne ni... 'yata. In na ga... abin murɗawa... sai na murɗa.”

Iskar da ya kashe a kan wannan magana ta fi wadda ya tara tun safe. Ya koma yana haki. Dakta Batulu ta dube shi, ta dube ni, ta daɗe. Sannan ta gyara masa matashi ta ce, “To, Baba. Kada a sake.”

Da ta fita ya buɗe mini tafin hannunsa. Ban gane ba. Ya nuna aljihuna da haɓa. Na ciro mamurɗin na ɗora masa. Ya dunƙule hannu a kansa, ya tura ƙarƙashin matashi, ya juya fuska bango.

Alhamis, bayan azahar

Ina zaune a baranda, bayana jingine da bangon ɗakinsa. Ta taga ina jinsa. Fiii. Fiii.

Ya Allah, kada ya yi shiru.